Ka Sauka Ƙasar Waje Lafiya, To Ka San Sunan Maƙwabcinka?

 Yau da kai nake, kai da ka cike fom ɗin neman gurbin karatu a waje kana jiran amsa, da ke da kullum sai kin duba imel sau goma ko biza ta fito. Har da ku da kuka riga kuka tafi, kuke karanta wannan rubutu a wani ɗaki a Alƙahira ko Istanbul ko Nikosiya, ƙofa a rufe, abin sauraro a kunne.

Duk mun san hoton nan. Mutum na tsaye a filin jirgin saman Abuja ko Kano, koren fasfo a hannu, tikiti ya leƙo daga ciki, a ƙasa an rubuta godiya ga Allah. Kafin jirgi ya tashi an zuba masa "Allah Ya tsare hanya" wajen ɗari uku. Bayan kwana biyu sai hoto na biyu, cikin rigar sanyi a gaban wani dogon bene. Akwai hoto na uku da ba wanda yake ɗorawa, wato ranar da za ka yini cur ba ka furta kalma ko ɗaya da bakinka ba, saboda duk wanda ke kusa da kai ba ya jin yarenka, kai ma ba ka jin nasa. Ni na yi irin wannan yinin, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa na ga gara mu yi maganar tun kafin ka ɗaure akwati.

Ra'ayina ba wani mai tsawo ba ne. In ka je ƙasar mutane, koyon yaren titi da sanin mutanen da ke kewaye da kai wajibi ne, daidai yake da biyan kuɗin makaranta. Kuma addininka, ko Kirista ne kai kamar ni ko Musulmi, bai ba ka uzurin kulle kanka a ɗaki ba. Bari in gaya maka yadda na gane haka, don ni ma da wuya na koya.

Turancin da na dogara da shi

Ni ɗan Kaduna ne, a coci mai yin sujada da Hausa na tashi, yanzu kuma ina karatun aikin jarida a wata jami'a da ke birnin 6 Oktoba, a gefen Alƙahira. Kafin in taho an tabbatar mini cewa da Turanci ake koyarwa, kuma gaskiya ne. Abin da ban lissafa ba shi ne, lacca awa uku ko huɗu ce a rana, sauran awa ashirin ɗin kuwa da Larabcin Masar ake rayuwa. Da shi mai shago zai gaya maka farashi, da shi kwandastan mota zai kira tasha, da shi 'yan ajinku za su yi raha a fashe da dariya kai kana ta raba ido.

Na ce ai ba komai, akwai Google Translate. Sai na tarar Larabcin da manhajar ke ba ni irin na littafi ne da na masu karanta labarai, wanda suke kira Fusha, alhali mutanen titi Ammiya suke yi. Harafin da muka sani da "j" su "g" suke furta shi, jami'a ta koma "gam'a". Harafin "ƙ" kuwa haɗiye shi suke yi, gahawa ta koma "ahwa". Guruf ɗin ajinmu na WhatsApp ma wani sabon tashin hankali ne. Matasan Masar na rubuta Larabcinsu da haruffan boko haɗe da lambobi, salon da suke kira Franko: 3 a madadin ainun, 7 a madadin ha mai kauri, 2 a madadin hamza. Wata rana da daddare na ga an rubuta "el emte7an bokra", na ga ana ta turo fuskokin kuka, na ɗauka wasa ake na kwanta abina. Ashe cewa aka yi an dawo da gwajin gobe. Na shiga aji da safe na tarar ana raba takarda. Makin da na samu ranar, bari kawai mu bar shi.

Haka na sha zarce tashata a ƙaramar bas, don ban san abin da ake cewa direba ya tsaya ba. Kalma biyu ce fa kacal, "ala gamb", wato a gefe. Rashin su ya sa na taɓa taka ƙafa kusan rabin awa cikin rana ina komawa baya.

Yadda waya ta zama garina

Ka san abin da mutum ke yi in ya sha kunya sau biyu sau uku? Janyewa yake yi. Na daina zuwa shagon unguwa na koma babban kanti inda farashi ke rubuce, ba sai ka yi magana da kowa ba. Na daina shiga bas na koma kiran mota ta manhaja, kuɗin da Baba ke turowa na ta zurarewa. In na haɗu da mutum a matattakalar bene sai in sunkuyar da kai ina latsa waya kamar wani saƙon gaggawa ya shigo.

Ibada ma haka ta koma. A Masar Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi ranar aiki ce, ina da lacca tun safe. Sai na riƙa kallon sujadar cocinmu ta gida a Facebook in na dawo, ina kwance a gado, ina bin waƙoƙin zumuntar mata a zuci. In an ce a juya a gaisa da na kusa, sai in dubi bango. Lokaci zuwa lokaci nakan je taron addu'ar 'yan Nijeriya a can Madinat Nasr, tafiyar sama da awa ɗaya, mu ci shinkafa, mu yi ƙorafin Masarawa, kowa ya kama gabansa. Na yi wata huɗu a gidan da nake haya, mai hawa biyar, ban san sunan mutum ko ɗaya a cikinsa ba. Amma ka tambaye ni wa ya yi aure a Sabon Tasha, wa ya rabu da budurwarsa, wace rigima ake yi a TikTok, duk zan ba ka labari dalla-dalla. Jikina ne kawai ya yi tafiyar.

Daren da guruf bai amsa ba

Cikin hunturun Janairu zazzaɓi ya kwantar da ni. Wajen ƙarfe biyun dare jikina ya yi zafi rau, ina rawar sanyi, ko tsayuwa ba na iyawa sosai. Na rubuta a guruf ɗin 'yan Nijeriya, kowa na barci. Na ɗora a sitatus, wani abokina daga Jos ya turo hannayen addu'a, Allah Ya saka masa, amma daga Jos ba a miƙo magani. Na yi tunanin kiran Mama, na ga ba abin da zan ƙara mata sai tashin hankali.

Da ƙyar na lallaɓa na sauka ƙasa na ƙwanƙwasa ɗakin mai gadin gidan. A Masar ana kiran irinsu "bawwab", yawancinsu daga kudancin ƙasar suke zuwa, kuma su ne idon gida da kunnensa. Wannan dattijo Musulmi ne, wata huɗu ina wuce shi ko sannu ba na ce masa. Ya buɗe, ya dube ni, ya ɗora tafin hannunsa a goshina. Ban ce komai ba, shi ma bai tambayi fasfo ko addini ba. Ya yafa mini bargonsa, ya tashi ɗansa ya aike shi kantin magani, ya raka ni har ɗaki. Washegari ya sa aka kai ni wajen likita, yana tsaye yana yi mini bayani da hannu.

Da rana sai ga wata tsohuwa daga hawa na uku da kwano a rufe. Ta shigo tana ta surutu, abin da na tsinta kawai shi ne "alf salama ya ibni", daga baya na gane cewa take yi sannu sau dubu, ɗana. Romon kaza ne da 'yar ƙaramar taliya mai kama da shinkafa, wadda suke ba mara lafiya. Sunan taliyar ma abin dariya, "lisan asfur", harshen tsuntsu. Da ta miƙo kwanon sai na ga ɗan ƙaramin zanen gicciye a cikin wuyan hannunta na dama. Ashe wata huɗu ina kukan ba ni da 'yan'uwa a bangaskiya, alhali ga Kirista a saman kaina, ni ne ban taɓa ɗaga ido na gaishe ta ba.

Bayan ta fita kunya ta rufe ni. A gidanmu aka koya mini cewa ko kare ka wuce ka ce masa sannu, balle dattijo. Na zo ƙasar mutane na ajiye tarbiyyar a filin jirgi, ina fakewa da cewa ba na jin yare.

Larabcin da ke cikin bakinka

Da na warke na nemi wani abokina ɗan Kano da ke karatu a Azhar, wanda muka haɗu a jirgi. Na ce ya koya mini baƙaƙe. Ya yi dariya ya ce shi ma da ya zo da Larabcinsa na Islamiyya ya shiga kasuwa, masu tumatir dariya suka riƙa yi masa, wai yana magana kamar mai huɗuba. Kowa da irin tasa. Duk Asabar muna zama awa ɗaya, shi ya koya mini karatu, ni in taya shi gyara Turancinsa.

A nan na gano wani abu da ya kamata duk mai jin Hausa ya sani: ba daga sifiri muke farawa ba. Gaisuwar safe a Masar ita ce "sabahul khair", a amsa da "sabahun nur". Saurara da kyau, asuba ce da alheri da annuri. Ranakun mako daga Lahadi har Asabar, namu ne nasu ne. Lissafi daga ashirin zuwa tis'in duk ka riga ka iya. Lafiya, labari, littafi, alƙalami, duniya, lokaci, sabulu, albasa, duk daga Larabci Hausa ta aro su. Ɗan ajinmu da ya zo daga wata ƙasa sai ya yi hadda kafin ya riƙe "khamsin", ni kuwa hamsin ce da nake ji tun ina goye.

Na fara da mai gadi. Na tambayi sunansa, na riƙa kiran sa "Ammo", wato baffa. Tsohuwar kuwa "Tant" ake ce mata, kamar yadda za mu ce Inna ko Gwaggo. Kullum da safe sai na tsaya mun gaisa, in yi kuskure su gyara mini, wani lokaci su yi dariya har da riƙe ciki. Na lura dariyar ba ta raini ba ce, ta jin daɗi ce cewa baƙo ya damu ya gwada. Cikin wata biyu farashin tumatir ya sauko mini a shagon unguwa, ba don kasuwa ta faɗi ba.

Ranar da na shiga cocin Kibɗawa

Tant ce ta ja ni cocinsu wata Juma'a da safe, don a can coci-coci da yawa ranar Juma'a suke cika saboda ita ce ranar hutu. A bakin ƙofa akwai 'yan sanda da na'urar bincike. An ƙara tsaurara tsaro tun bayan harin bam na Disamban 2016 a wata coci da ke jikin babbar majami'ar Markus a Abbasiya, da na Afrilun 2017 a Tanta da Iskandariya. Mu da muka san Madalla a 2011 da babban masallacin Kano a 2014, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Masu shiga kan nuna katin shaida, wanda a Masar yake ɗauke da addinin mutum, ko su nuna gicciyen wuyan hannu. Ni ba ni da ko ɗaya. Na tattaro ɗan abin da na koya na ce "ana Masihi min Nijeriya". Tant ta ƙara da nata, aka ce in wuce.

Ɗan'uwa, in ka saba da ganga da jita da rawar baiko, abin zai ba ka mamaki. Maza gefe guda, mata gefe guda. Hayaƙin turare ya cika wuri. Kayan kiɗa biyu ne kawai, wasu faifan ƙarfe da ake bugawa da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. Ana cire takalmi kafin a matsa kusa da bagadi, mata na rufe kai, kuma yawancin lokacin a tsaye ake, sama da awa biyu. Ana yin addu'o'in da Larabci da Kibɗanci, harshen da ya samo asali daga na Masarawan zamanin Fir'auna, ake rubuta shi da haruffan Girka da ƙarin wasu kaɗan. Da farko ban tsinci komai ba. Can sai kunnena ya fara kama kalmomi: Allah, Almasihu, Injila, salama, rahama, Amin. Waɗannan ai su nake ji a cocinmu tun ina makarantar Lahadi. Baƙaƙen da ɗan Azhar ya koya mini, da su na riƙa bin rubutun da ke allon bango.

Ka ga wani abin lura a nan. Sau nawa ka ga ana tafka musu a Facebook kan ko ya halatta Kirista ya ce Allah? Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala bugawa a 1932 da sunan Allah ya fito. Na Larabci da aka kammala a 1865, wanda Kiristocin Masar ke karantawa har yau, shi ma haka. Cocin Kibɗawa na danganta kafuwarta ga Markus mai bishara a Iskandariya tun ƙarni na farko. Mafi yawan ƙiyasi na cewa kusan mutum ɗaya cikin goma a Masar Kirista ne. Suna Kirsimeti ranar 7 ga Janairu, bayan azumin kwana 43, kuma ranar hutu ce ga ƙasa baki ɗaya. Azuminsu na ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, in ka haɗa da na Laraba da Juma'a, ya haura kwana 200 a shekara. Ni da na tashi ina jin ana cewa Kiristanci kayan Bature ne, ina tsaye cikin mutanen da suke wannan ibada tun kafin bishara ta kai Ingila. Wannan darasi ba a ajinmu na same shi ba.

Ban zama Bakibɗe ba, kuma ba wanda ya nemi in zama. Akwai abubuwan da muka bambanta a koyarwa, ba na karɓar jibin Ubangiji a wurinsu, na kuma samu wata coci mai sujada da Turanci da nake zuwa. Amma bayan an tashi ranar, wani dattijo ya gutsuro gurasar albarka da ake rabawa ya miƙo mini, ya ce "itfaddal", irin bismillar da muke yi wa baƙo. Na karɓa na ci.

Abin da bangaskiya ta ce

Kai ɗan'uwana Kirista, koma ka duba littafinka. Yusufu bawa aka kai shi Masar, bai san kowa ba, amma ya koyi yaren ƙasar har ta kai lokacin da 'yan'uwansa suka zo sayen hatsi ta bakin tafinta yake magana da su, ba su ma san yana jin su ba. Da ya zauna yana kukan Kan'ana kawai, wa zai ba shi riƙon rumbunan ƙasa? Yesu kansa yana jariri gudun hijira aka yi da shi zuwa Masar, kuma har yau a tsohuwar Alƙahira akwai cocin Abu Sarga, inda Kibɗawa suka yi imani iyalin sun fake. A ranar Fentikos, abin mamakin da ya faru shi ne kowane baƙo ya ji saƙon da harshen garinsu, kuma cikin waɗanda aka lissafa akwai mutanen Masar da Larabawa. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, misalin da ya bayar na Basamariye ne, mutumin wata ƙabila da wata aƙida, wanda ya tsaya kan mai rauni bayan malaman addini sun ratse sun wuce. Ni Basamariyena mai gadi ne mai sallah biyar.

Kai kuma ɗan'uwana Musulmi, ka fi ni sanin naka. Abokina na Azhar ya gaya mini cewa Alƙur'ani ya lissafa bambancin harsuna da launin fata cikin ayoyin Allah, kuma Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi Muhammadu (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Da azumi ya zo na ga abin a aikace. A titunan Alƙahira ana shimfiɗa teburan buɗa-baki da suke kira "mawa'idur Rahman", duk mai wucewa a jawo shi. Ammo ya kamo hannuna, na ce masa ni fa ba na azumi, ya ce ya sani, zauna. Tant ma ta sauko da tiren abinci daga sama. Ranar Ista kuma shi ya fara ƙwanƙwasa mata ƙofa da gaisuwar da suke yi wa juna a kowane biki, "kulli sana winti ɗayyiba".

Na san abin da za ka ce

Za ka ce na zaɓo masu daɗin ne kawai. To bari in faɗi marasa daɗin. Akwai wariyar launin fata. An sha kira na "samara" ko "shokolata" a titi, yara sun taɓa bi na suna dariya, kuma 'yan'uwanmu mata sun fi mu shan wahalar masu baki da hannu. Akwai dillalin da zai ninka maka kuɗin haya don ya ga baƙo. Ba kowa ne Ammo ba, kuma ban ce ki buɗe wa duk wanda ya yi miki murmushi ƙofa ba. Amma ka lura, duk waɗannan sun fi cin wanda ba ya jin yare kuma ba shi da kowa. Ranar da wasu samari suka tare ni da tsokana a bakin layi, mai shagon da nake gaisarwa kullum ne ya fito ya kore su. Da ina nan a ɗan haya mara suna, da kallo kawai zai yi.

Za ka ce karatu ka zo yi, ina lokacin koyon wani yare? Duba wayarka ka ga awa nawa ka ba TikTok jiya. Minti ashirin daga ciki ya isa. Za ka ce kana tsoron kada cuɗanya ta raunana maka imani. Nawa imanin ya fi rauni ne a watannin da nake kwance ni kaɗai ina kallon sujada kamar fim. Da Tant ta tambaye ni da ɗan Larabcin da nake ji me ya sa ba ma azumi kamar su, dole na koma na buɗe littafi na yi nazari. Sai dai a kiyaye: sanin mutane daban, jayayyar addini daban. A ƙasashe da yawa, har da Masar, maganar addini da siyasa na iya jefa baƙo cikin matsalar da ba zai iya fita ba. In an tambaye ka ka amsa da ladabi, kada ka ɗauki kanka mai gyara wa 'yan gari imaninsu.

Ƙungiyar 'yan gida kuwa kada ka yar da ita, tana da ranarta. Su za su nuna maka yadda ake sabunta takardar zama, su za su ji kewar tuwo tare da kai. Kawai dai kada ta zama ita ce iyakar duniyarka.

Abin yi, a taƙaice

Kafin ka tashi, bincika wane yare ake yi a titi, kada ka tsaya kan wanda aka rubuta a takardar makaranta. Ka haddace gaisuwa, godiya, ban haƙuri, lambobi, "nawa ne", "tsaya nan", "ba ni da lafiya" da "taimake ni". A makon farko ka san sunan mutum uku: mai gadi ko mai gidan, mai shagon kusa, da maƙwabci ɗaya, ka kuma karɓi lambar ɗaya daga ciki. Ka nemi ɗan aji ɗaya ɗan ƙasar da zai riƙa fassara maka abin da ake cewa a guruf. Ka nemi wurin ibada da ƙafarka, ka je ko da rabin abin da ake faɗa ba ka ji, ka kuma tambayi ƙa'idar wurin kafin ka shiga. In ka dafa abinci ka zuba wa na kusa. Na kai wa Tant dambun nama da aka aiko mini daga gida, har yau in ta gan ni sai ta tambaya ko Mama ta sake aikowa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta buƙatar ƙamus.

Mu dawo gida

Wataƙila kana karanta wannan kana cewa ni ai ba inda za ni. To kai ma da kai nake. An haife ni bayan rikicin Kaduna na 2000, na tashi na tarar kogi ya raba garin, yawancin Kiristoci a kudu, yawancin Musulmi a arewa. Na kai shekara goma sha tara ban taɓa cin abinci a gidan wani a Rigasa ba. Abokina na Kano ya ce kafin mu haɗu bai taɓa zama ya yi hirar awa ɗaya da Kirista mai jin Hausa ba, abin da ya sani game da mu a sashen sharhi na Facebook ya tsinta. Mu biyun nan yarenmu ɗaya, karin maganarmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, amma sai da muka je bakin kogin Nilu muka san juna. Wannan abin kunya ne gare mu duka, kuma ba za mu ɗora wa Larabci laifinsa ba.

Sannan dubi baƙin da ke cikinmu. 'Yar bautar ƙasa da aka turo daga Enugu zuwa ƙauyenku, wadda ba ta san ko "ina kwana" ba. Ɗalibin Nijar ko Chadi da ke ajinku yana fama da Turanci. Iyalin da rikici ya koro suka kama haya a layinku. Abin da na ji a watanni huɗun nan, shi suke ji yanzu haka. Wani na can yana zazzaɓi yana tunanin ƙofar wa zai ƙwanƙwasa.

Ga aikin gida na wannan mako. Ajiye wayar na minti goma, ka fita ka gaida mutum ɗaya da kake wucewa kullum ba ka san sunansa ba, ka tambaye shi sunan. In kana waje, yi da yarensu, ko da za a yi maka dariya. In ka yi, ka dawo ka ba mu labarin yadda ta kaya, musamman irin kwaɓar da ka yi, don mu ma mu dara.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya haɗa su da maƙwabta nagari, mu ma Ya sa mu zama nagari ga baƙinmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.